Larabar da Aka Bar wa Kogi

A wani ƙauye na bakin kogi akwai wani dattijo mai lambu wanda ya gaji ranar Laraba daga mahaifinsa. Gidaje bakwai ne ke noman rani a garin, kowanne da ranarsa ta jan ruwa, kuma doka ta ce wanda ya bari ranarsa ta wuce sau uku bai ja ba, ta zama ta maƙwabcinsa. Waɗanda suka kafa dokar ba mugaye ba ne, lalaci suke gudu. Sai dai a zamaninsu da jigo ake ban ruwa, kafaɗar mutum kan gaji tun kafin kogi ya ji a jikinsa. Da inji ya zo, sai aka rasa mai gajiya. Shi dattijon ƙarfinsa ya ragu, fangali goma sha biyu na albasa kawai yake iya kula da su, kafin hantsi sun ƙoshi. Amma kowace Laraba sai ya bar inji yana ruri har la'asar, yana malala ruwa a saurar da ba a shuka komai ba, don kada a ce bai ja ba. Daga inda yake tsaye yana hango gurbin ruwan da ke ƙasan gari, inda gauraki ke yin sheƙa cikin ciyawa. Sa'ad da yake yaro ba su ƙirguwa. A wannan shekara ya ƙirga biyar, ya kuma ga ruwa ya janye har karnuka na isa sheƙarsu da ƙafa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya je gaban mai gari da dattawa, ya roƙi a ƙara wa dokar magana ɗaya tak: wanda ya bar wa kogi ranarsa, a ɗauka ya ja. Aka yi dariya. Maƙwabcinsa, mutum mai baki tara a gida da tumatir mai ƙishi, ya ce, "Haba Baba, in ciwo ya kwantar da kai, gauraka ne zai zo maka gayya?"

Dattijon bai ji haushinsa ba, don ya san nauyin da ke kansa. Ya koma gida, ya rufe inji da buhu. Laraba uku suka wuce, kogi ya gangara, gurbi ya ɗan tashi. A ta huɗu ranar ta koma hannun maƙwabci bisa doka, ba wanda ya zalunci wani. Dattijon ya koma shayar da albasarsa da guga daga rijiyar gida. Da bazara ta tsananta gurbin ya tsage, kuma ba a yi kwana goma ba rijiyoyin gari suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, domin ashe shi ne ke ciyar da su ta ƙarƙashin yashi. Injuna suka riƙa zuƙo laka. Albasar dattijon ta kwanta, tumatirin maƙwabci ma bai tsira ba. Shi maƙwabcin ne da kansa ya miƙe a gaban mai gari, murya ƙasa-ƙasa, ya maimaita roƙon da ya yi wa dariya. Aka gyara dokar, aka ware wa kogi rana guda a mako, wato Laraba, wadda ba mai taɓawa, kuma ba mai rasa rabonsa don ya ƙyale ruwa ya wuce. Sai da damina biyu suka zagayo kafin rijiyoyi su daina ƙafewa da rani. A lokacin dattijon ya daina fita lambu, jikokinsa ne suka sha. Ka ga, masu iya magana ba su faɗi banza ba: da ruwan ciki ake jan na rijiya.