Rabin Haƙuri

Tun da aka fito da Haƙuri, ɗigon maganin nan mai daidaita sinadaran ƙwaƙwalwa, kuka ya ƙare a gidajen makoki. In aka ce "Ya haƙuri?" sai mai rashi ya ɗaga 'yar kwalba ya yi murmushi.

Kwana tara da rasuwar mijin Turai, Delu ma'aikaciyar lafiya ta shigo mata da kwalbar.

"Inna, buɗe baki."

"Tsaya, 'yar nan. Yau rabi za ki ɗiga mini."

"Ba kya jin daɗinsa ne?"

"Daɗi kam har ya yi yawa. Ina barci, ina cin tuwo har da ƙari. Jiya na ga hular Malam a rataye, sai na ce kai, wannan ɗinki ya yi kyau. Shekara arba'in muna tare, Delu, amma ɗinki kawai na gani."

Delu ta waiga ƙofa, sannan ta ɗiga rabi.

Da la'asar wata maƙwabciya ta zo gaisuwa, ta tarar da Turai rungume da hular, hawaye na zuba.

"Inna, ya haƙuri?"

"Alhamdulillahi," in ji Turai. "Yau dai da kaina nake yin sa."