Ɗan Kunnen Cikin Ƙofa

Sukurun farko ya fita salin-alin, na biyu sai da Dije ta ɗiga masa man gyaɗa. Bakaniken tashar Malbaza ya yanka mata kuɗin da ya sa ta tsaya kallon bakinsa, wai don ya sa ɗan gilashin nan mai kusurwa uku na ƙofar dama ta motarta, wanda ƙahon saniya ya tarwatsa ranar kasuwa. Ta ce ya riƙe gwanintarsa. Ta tafi Konni, ta sayo gilashin bayan cinikin da ya bar mai shago yana share gumi, ta dawo ta ci ɗamara da gyalenta.

Farar a-kori-kurar nan ita ce abin da marigayi mijinta Ilyasu ya bar mata. Shi da amininsa, mijin ƙawarta Rahinatou, rana ɗaya suka sayi iri ɗaya don jigilar albasa. Aminin ya riga shi tafiya. Motar aminin, ja, tana can tsakar gidan Rahinatou bisa duwatsu, an rataya mata tabarma a gefe, kaji na yin ƙwai a ciki.

Ilyasu kuwa babbar motar siminti ce ta same shi cikin motar ta hannun dama. Dije na cikin takaba, ko zaure ba ta leƙawa, ƙanensa Amadu ya kai motar gyara, ya dawo da ita fes. Da ta tambayi abin da aka kashe, ya ce kaɗan ne, ya sauya magana. Kowa ya san Dije: gara ta kwana da yunwa da ta karɓi kyautar tausayi.

Ta ɓamɓare kwalin cikin ƙofar. Ƙarfen ciki ja ne, ta ce a ranta fentin hana tsatsa ne. Ta zura hannu ƙasa tana kwaso ɓurɓushin gilashi, sai yatsarta ta taɓa wani abu mai santsi.

Ɗan kunne ne na zinare, mai siffar ganye da koren dutse a tsaka.

Ba ta buƙaci tambayar kowa ba. Ɗan'uwansa yana rataye a sarƙar wuyan Rahinatou shekara da shekaru. Ita da bakinta ta sha cewa ɗayan ya ɓace, ba ta san inda ya faɗi ba.

To ga inda ya faɗi. Kujerar gaba, kusa da direba, mazaunin matar gida. Kuma ɗan kunne ba ya sulalewa ta bakin gilashi sai mace ta jingina kai ta saki jiki.

Dije ta zauna dirshan a ƙasa. Ta tuna ranakun da Ilyasu ke cewa lodi ya tsayar da shi a Tajaye. Ta tuna kukan da Rahinatou ta yi ranar jana'iza, har ya fi nata. Ta tuna furar da take aiko mata duk tsawon takaba. Ashe ba zumunci ba ne, nauyin zuciya ake saukewa. Ita kuwa a kan gawarsa ta ce ta yafe masa duniya da lahira!

Duk da haka ba ta bar aikinta ba. Ta shafa wa robar bakin tagar ruwan sabulu, ta zura gilashin a hankali har ya zauna daram, ta ɗaure sukurorin da ƙarfin da ya kusa cinye musu kai. Sannan ta ƙulle ɗan kunnen a haɓar zane ta fita, ko hannu ba ta wanke ba.

Ta iske Rahinatou da maƙwabta mata suna yanka albasar shanya. Babu sallama.

Rahinatou ta ce mata, «Maman Samira, lahiya? Zo ki zamna, ga kujera.»

«Wadda kika zamna cikin motar mijina ta ishe mu.» Ta jefa mata ɗan kunnen cikin tire. «Cikin ƙofa tai ni ishe shi. Ki hwaɗa ma matan ga yadda anka yi ya shiga can, ƙawar arziki.»

Wuƙaƙe suka tsaya. Wata tsohuwa ta kama salati.

Rahinatou ta ce, «Dije, ki bari mu shiga ɗaka.»

«Ɗaka kun gama shiga. Daga yau kada ƙahwarki ta sake taka gidana, ko gawata ce anka shimfiɗa.»

Rahinatou ta ɗauki ɗan kunnen, ta daɗe tana juya shi a tafin hannu, idonta ya ciko. Ta ce a hankali, ba da Dije take ba, «Ranar da munka dawo daga Alela ne ashe. Barci ya kwashe ni, shina tuƙi shina yi min dariya.»

Ta miƙe, ta ratsa tsakar gida zuwa motar marigayi mijinta, ta fizge tabarmar. Kaza ta yi tsalle ta fito ta gefen dama, inda babu komai sai kujerar gaba da ramukan sukurori, wurin jar ƙofar da ta sa Amadu ya cire ya sa wa motar Ilyasu lokacin da Dije ke takaba.