Ihun Yaya a Bakin Shinge

Ku yaran yanzu ba ku da kunne. A kira ku ku ƙi amsawa, a yi magana kun toshe kunnuwa da igiyar waya, sannan ku fito ku ce kun fi kowa dabara. To ku zauna ku ji.

Auta ta daɗe tana koyon tsallaken shinge a kan doki. Uwarta ke wanke mata farin wandon hawa, ita ke goge takalman. Ƙungiyar mahayansu za ta ɗauki nauyin yarinya guda zuwa babbar gasa, kuma ranar Asabar za a yi gwajin zaɓen ta. Bana ce damar Auta ta ƙarshe. Baɗi shekarunta sun wuce ajin yara.

Mutum ɗaya ce ta tsaya mata a gaba, 'yar likita mai farin doki. Jar goɗiyar Auta tana da zuciya, amma farin nan ƙafarsa ba ta taɓa sandar shinge.

Auta tana da yaya. Bai taɓa kai bokitin ruwa barga ba, aikinsa kawai ya zo da mota ya mai da su gida. Amma yana son ƙanwarsa, wannan ba mai ƙwace masa. Kuma a duk dokokin wasan guda ɗaya ya riƙe: da zarar an buga ƙararrawa, mahayi shi kaɗai ne da dokinsa. Duk wanda wani nasa ya ɗaga murya daga waje ya nuna masa hanya, an fitar da shi.

Ya juya dokar nan a ransa har ta yi masa daɗi. In shi ya yi wa 'yar likita ihu fa? Wa zai tsaya binciken ɗan gidan wa ne?

"Auta, kwantar da hankalinki," ya ce mata ranar Juma'a. "Wurin nan naki ne."

"Yaya, ni dai ka zo da wuri ka riƙe min goɗiya."

"Riƙon linzami ai na masu ƙaramin tunani ne. Ni babban aiki zan yi miki."

Ranar Asabar uwa da 'ya suka yi sammako, shi ya sha barcinsa. Wayarsa ta yi ta ƙara. Ya ga uwarsa ce, ya ce faɗa ne, ya kifa ta. Da ya iso filin ya ci karo da motar likitan dabbobi a bakin ƙofa, har ya danna mata oda don ta tare masa hanya. Ya rataya katin 'yan rakiya a wuya. Bai leƙa barga ba. Ya zagaya can ƙarshen fili, inda hanya ke karya kwana kafin shingen ƙarshe, ya jingina da katako. Lasifika tana ta bayani, shi yana jin waƙa.

Sai ga farin doki ya shigo. Mahayiyar da baƙar hular kwano da shuɗiyar rigar ƙungiya, kamar sauran. Ta gai da alƙali, aka buga ƙararrawa. Ta riƙe linzamin a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ta tsallake na farko. Ta tsallake tagwayen shinge. Ta wuce ramin ruwa ko ɗigo bai tashi ba. Filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kofato. Sanda ko ɗaya ba ta faɗi ba, kuma saura shinge guda.

Yaya ya zare igiyar kunnensa, ya kama katako, ya buɗe maƙogwaro.

"Hagu! Yi hagu! Sake masa linzami!"

Mahayiyar ta waiwayo. Da ma hagun za ta yi. Ta yi, ta tsallake lafiya, amma ƙararrawar kora ta riga ta.

Alƙali ya dubi saurayin, ya dubi katin wuyansa, ya gyaɗa kai. Bai tambayi kowa ba, bai yi shawara ba. Yaya har ya yi mamakin sauƙin abin.

Ya taka zuwa ƙofar fita yana gyara fuska, don ya ba da haƙuri irin na wanda zumuɗi ya kwasa. A can ya tarar da uwarsa tsaye. Kusa da ita ga wata yarinya a ƙasa, ta miƙa hannu ta karɓi linzamin farin.

"Ki yi haƙuri," yarinyar ta ce wa mahayiyar. "Da ƙafar goɗiyarki ba ta kumbura ba ma, ba za ki yi fiye da haka ba."

'Yar likita ce mai maganar, ashe ita ta ba da aron farin. Ta kan dokin ta cire hula, kuma wannan fuskar ce Yaya ya tuƙa har gida, tana kujerar baya, tana kallon ƙeyarsa: Auta.