Manhajar Zayyanu

Zayyanu yana da kamfani da kwat da muƙamin Shugaba. Mai zuba jari kawai ya rasa. Shi ya sa ya tara jama'a a unguwar Gawon Nama, ya zaunar da attajiri Alhaji Aƙilu a gaba, kusa da Malam Siddiƙu mahauci, mahaifin shi Zayyanu, da Khaula 'yar Zayyanun.

"Ku yi mafarki babba!" in ji Zayyanu, yana kai da komo. "Sau tara na faɗi, sau goma na tashi! Manhajata ba ta bukatar ɗan Adam. Ka danna, nama ya iso gida."

Alhaji Aƙilu ya ce, "To danna mu gani."

Zayyanu ya danna da alfahari. Nan take waya ta hau ruri a aljihun Malam Siddiƙu. Tsohon ya lalubo ta, ya kara a kunne.

"Salamu alaikum, tsoka ko kayan ciki?" Sai ya ɗago ya dubi ɗansa. "Kai Zayyanu, ba kai kac ce in ruhe teburi in taho ba? Wa za ya yanka?"

Ranar Khaula ta gane cewa kakanta ne manhajar.