Kara da Dutse a Ƙofar Marke

A shekarun da kuɗin mai sunka cika gari, soja na mulki, kowa na sayen babur, gardama guda ta hana dattawan Ƙofar Marke sakat: a wasan dara, wai mai riƙe da duwatsu ya hi mai riƙe da kara galaba.

"Dutse nauyi garai, inda anka aje shi nan shika zama," in ji Audi mai dawa. "Kara ko, akuya na atishawa ya sake gida."

"To a hana dutse, kowa ya koma murhin kwalba!" wani yac ce. Anka kwashe da dariya.

Mode, Sarkin Dara, bai yi dariya ba. Da kara yac ci sarauta, da kara shika wasa, amma tun damina Maigandi ka lallasa shi da duwatsu. Maigandi fa! Mutumin da in ka ce ya ƙirga guraben dara sai ya nemi hutu a tsakiya. Majalisa ta yanke: in yau ma anka ci Mode, sarauta ta tashi daga kainai.

Shi Mode ya san ba laihin dutse ba na. Aikin Illo na, tsohon Sarkin Dara, wanda Mode ya amshe ma sarauta ranar da hannun rigar Mode ya share dutse guda, wai bisa kuskure. Tun sannan Illo bai ƙara ce mai uffan ba. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya tsuguna bayan Maigandi, cikin rana tsaka, ko gumi babu, shina nuni da leɓe. Inda leɓe ya nuna, nan dutse ka sauka. A raba goro a tsallake shi, ko a jikinai.

Mode bai taɓa tona mai asiri ba. In ya tona, sai a yi mai tambayar da bai son amsawa.

Anka tona gurabe a ƙasa, anka dasa. Maigandi ya jera uku, ya cire kara. Ya sake jerawa, ya sake cirewa. Audi na ihu, "Kun gani? Dutse!"

Kara huɗu sunka rage. Mode ya ɗaga kai, yag ga Illo na kallonai, ido ba ƙyaftawa, leɓe ya nufi gurbin ƙarshe. Mode ya matso. Ya kama hannun Maigandi, ya raɗa mai:

"Kai wanga, ji tsoron Allah. Ni da kai mun san Illo ka yi maka wasa."

Dutsen ya suɓuce daga hannun Maigandi. Bai waiwaya ba, yac ce:

"Ashe kai ma kana ganinai, Sarki? Ni na ɗauka ni kaɗai shika bi tun ranar da munka ruhe shi a kabari."