Tazarar Silin Gashi

Karo na tara ke nan ambulan ɗin ya dawo. Saje Ledesma ya wurga shi kan teburin haruffa, ya ja kujera ya zauna da ƙoƙon shayinsa na gargajiya da suke kira mate.

"Tsoho, an sake maido maka. Shekara talatin kana jera haruffan dalma, har yau hannunka bai faɗa ba?"

Baltasar Quiroga ya zare takardun. Jan tawada ta cika shafi na arba'in. A nan an ce ƙara fili, a can an ce rage.

Wata goma sha huɗu ke nan yana ƙarƙashin wani bariki a bayan garin Rosario. Wasu takardu da aka buga a shagonsa ne suka jawo masa. Ya yi wata biyu a ɗakin duhu kafin Kanar mai kula da barikin ya tuna cewa makarantar kurata na buƙatar littafin lissafi, kuma duk garin babu mai jera lissafi kamar Baltasar. Aka ba shi ɗaki mai 'yar taga can sama, da tsohon inji, da akwatunan haruffa.

"Ranar da ka gama, za a sauya maka wuri," in ji Kanar. "Can matarka za ta riƙa zuwa ganinka."

Jera lissafi aiki ne na fili. Alamar daidai tana son sarari hagu da dama. Alamar ɗebewa, in tana tsakanin lambobi biyu, a ba ta wurin numfashi. In tana gaban lamba ɗaya, a manne ta. Da 'yan guntayen dalma marasa rubutu ake yin wannan, mafi sirantarsu bai fi silin gashi ba. Tun makon farko Ledesma ya ɗauki ɗaya ya ɗaga wa haske yana dariya.

"Wannan abin banzan ma aiki yake yi? To in an ga ya yi yawa, yaya ake rubutawa?"

Baltasar ya zana masa alamar da masu duba bugu ke yi a bayan takarda, don kawai ya rabu da shi.

Farfesa Zulema Pagani ce ta rubuta littafin, ita ce kuma mai duba bugun gwaji. Baltasar bai taɓa ganinta ba. Duk Alhamis Saje ke fita da ambulan, Litinin ya dawo da shi.

Ba ta taɓa gamsuwa ba. Inda ta ce a buɗe a watan Mayu, a watan Yuli ta ce a matse. In ya matse, ta ce ya shaƙe alamar. Wata rana don haushi ya sa lamba bakwai a gurbin lamba ɗaya, a tsakiyar shafi. Takardar ta dawo, bakwai ɗin na nan, amma an ja layi a kan silin gashin da ke gefensa.

A ɗakin da ke kusa da nasa akwai wani tela mai ɗinka wa hafsoshi kaya. Ya gama, aka sauya masa wuri. Makanikin da ke gyara motoci ma ya gama, ya bi bayansa. Baltasar na jin takunsu a kan matakala, yana ƙirga shafukan da suka rage masa.

Idanunsa suka fara dishi-dishi. Yatsunsa suka yi baƙi, tari ya kama shi. Kullum rana takan zana ɗan murabba'i a bango, ta hau, ta ɓace, shi kuwa yana ta cirewa da soka abin da ido ba ya gani.

"Yallaɓai," ya ce wa Saje wata Litinin, "don Allah ka ce mata ta tausaya min. Littafin nan ya yi. Na rantse ya yi."

Ledesma ya zuƙi shayinsa har ƙoƙon ya yi ƙara.

"Ka ƙosa ka bar mu? Ina za ka samu miyar wake irin tamu? Zauna ka gyara, tsoho."

Sau biyu Kanar yana saukowa da faɗa. Sau biyu Saje yana ƙamewa ya ce Farfesa ce ta ƙi sa hannu. Baltasar ya tsani Farfesar fiye da yadda ya tsani Kanar.

Shekara biyu da rabi littafin bai fita ba. Sai mulkin soja ya faɗi, aka buɗe ƙofofi. Ledesma ya ɓace da sauran masu kaki, ba wanda ya san inda ya nufa.

A waje Baltasar ya ji labarin sauyin wuri. Matar telan tana yawo da hotonsa a ƙirji. Makanikin ma babu shi, babu kabarinsa. Duk wanda ya hau matakalar nan bai isa ko'ina ba.

Kwana uku bai iya cin abinci ba. A na huɗu ya sa kwat ɗinsa da ya yi masa yawa, ya nemi gidan Farfesa Pagani. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai sanda. Ya cire hula, ya faɗi sunansa, ya ce ya zo neman gafara, domin ya daɗe yana zaginta alhali gyare-gyarenta ne suka riƙe shi a duniya.

Ta dube shi a ruɗe.

"Waɗanne gyare-gyare, bawan Allah? Sau ɗaya aka kawo min bugunka, na sa hannu a ranar, ban taɓa ganin aiki mai tsabta irinsa ba. Daga nan kullum sajen nan sai ya ce min ba ka gama ba. Mutumin banza, ya ari jan alƙalamina tun ranar farko, har yau bai dawo min da shi ba."