Simintin da Ya Ƙi Shan Ruwa

Bokiti guda injiniyan ya kwara a kan simintin, ya tsaya yana duban agogonsa. Ruwan bai je ko'ina ba. Ya kwanta abinsa, har mutum yana ganin fuskarsa a ciki.

Muhammad Auwal ne ya yi aikin, kuma shi ne aikinsa na farko. Wata huɗu ya yi a Kano yana koyon wani sabon zubi, tsakuwa da siminti babu yashi, wanda in ya bushe sai ya fito da ƙofofi kamar saƙar zuma, ruwan sama ya bi ta ciki ya shige ƙasa. Ba a yarda kowa ya zuba shi sai mai takardar shaida. Ranar da ya kawo tasa, kakarsa Barira, wadda ta raine shi tun rasuwar uwarsa, ta naɗe ta a ɗankwali ta sa a ƙasan adaka. Ba ta karanta boko, amma ta ga hotonsa a jiki, ya ishe ta.

Wurin ba wani babba ba ne, farfajiyar ɗan asibitin ƙauyensu ce, arewa da Bici. Kowace damina tafki yake zama. Barira ungozoma ce, makullin ƙyauren ma a wurinta yake kwana, kuma ta sha ratsa taɓon nan da mai naƙuda rataye a kafaɗarta. Shi ya sa yaron ya nace a ba shi aikin.

Akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba. Dabo magini ya shekara arba'in da cokalin gini a hannu, aka ce masa ba shi da takarda. Ranar zubi ya zo ya tsaya ya harɗe hannu a baya.

“Auwalu, wannan siminti ne ko ƙanzon tukunya? Ko cokali ba za ka bi shi da shi ba?”

“Baba Dabo, ai cokali ne ajalinsa. In aka shafe shi ya mutu.”

“To, Allah ya ƙara wa takarda lafiya.”

Aka yi dariya. Kafin magariba maganar ta shiga gidaje, wai jikan Barira, wadda a zamaninta ba a kai amarya ɗaki sai ta yi masa daɓe, shi ne ya yi aiki duk ramuka. Kunnen tsohuwar ya yi nauyi, dogon bayani ba ya shiga. Amma gori, ko da raɗa aka yi shi, sai ya samu hanya.

Muhammad Auwal ya lulluɓe aikinsa da leda, ya ce kwana bakwai kada wanda ya ɗaga, ya tafi Kano don ya taho da injiniyan da zai duba. A makon nan ruwan shuka ya sauka, gari ya watse gonaki, ba ka ganin kowa a hanya. Da safen da ya dawo ya tarar da kakarsa za ta suna ƙauyen gaba, hannuwanta ɗaure da tsumma. Ta ce lalle ne.

Da aka yaye ledar, simintin sumul yake, babu ƙofa ko ɗaya. Buhun simintin da ya rage a baranda kuma babu shi.

Injiniyan bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ko ba ka iya aikin ba, ko ba ka tsare shi ba. A wurinmu duk ɗaya ne. Ka kawo takardar.”

Yaron nan bai yi kuka ba, gara ma a ce ya yi. Ya wuce wurin mai unguwa ya kira sunan Dabo, don kowa ya ga shafen ya san hannun gwani ne. Aka kirawo tsohon. Ya tsuguna ya shafa simintin da tafinsa, ya bi gefe-gefe yana neman sawun cokali, bai samu ba. Ya daɗe a tsugune, kamar wanda ya gane hannun da ya yi shafen. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya ce, “Ku bar shi a kaina.” Mai unguwa ya wanke shi tas a gaban sa'annin 'ya'yansa, da furfurarsa da komai. 

Bayan la'asar Muhammad Auwal ya shiga gida ɗaukar takardar. Barira ta dawo ke nan, ko mayafi ba ta cire ba, ba ta kuma ji komai ba.

“Angona, manyan sun zo? Sun yaba?”

“Inna, buɗe mini adaka.”

Makullin adakar ya ƙi riƙuwa a hannunta, sai ta sa haƙori ta warware tsumman. Babu jan lalle ko kaɗan. Tafukan sun saɓule, yatsun duk sun tsattsage, akwai farin siminti maƙale a ƙarƙashin farce.

Ta ga inda idonsa ya tsaya, sai ta yi murmushi. “Kada ka damu da wannan, zai warke. Kwana uku na yi ina ɗaga ledar nan ina toshe maka ramukan ɗaya bayan ɗaya, don kada baƙi su zo su yi maka dariya irin ta Dabo. Ai ka ga ko ɗigo bai wuce ba.”